Bishiyar Hye-ran

Ranar Alhamis, uku ga Afrilu, da hantsi, aka bugo mini waya daga asibitin gunduma cewa Maeng Du-cheol ya cika. Yaya, ko mutuwa sai da ka yi mata tsari. Ka lissafa kwanakin makoki yadda jana'izarka za ta faɗo daidai biyar ga wata, ranar dashen itatuwa ta ƙasa, don kada kowa a ƙauyen nan ya samu hujjar zama a gida. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In na shiga ɗaki sai in fito, in na fito sai in tsinci kaina a bakin katangarku.

Yaran yanzu suna zaton haka Allah ya halicci dutsen bayan ƙauyenmu, kore shar. Mu mun san shi da sanƙonsa, ja wur, domin mun sare komai mun cusa a murhun ɗumama ɗaki, har ganyen da ya zubo sai mun kwashe shi da manjagara. Damina ta zo, dutsen ya sauko mana cikin gonakin shinkafa. Kai ne ka riƙa bi gida-gida da garin alkamar da hukuma ke ba masu dashe, kana lallashin wannan kana zagin wancan. Ƙasar ma a baya muke goya ta mu hau da ita, don saman ba abin da ya rage sai tsakuwa. Na tuna ranar da ka kama ni na soka dashe uku a rami ɗaya don in gama da wuri. Ba ka kai ƙarata ba. Ka sa na tone su da hannu, sannan ka raba tuwon sha'irinka biyu ka miƙo mini babban kason. Haka kake, bakinka da kaifi, hannunka a sake. Matan da suka rasa maza, ba wadda ta taɓa sanin wa ke ajiye mata gawayi a ƙofa kafin sanyi ya shigo, mu kuwa mun sani.

Amma ba wannan ne ya hana ni sukuni ba, ka fi kowa sani.

Da aka haifi 'yarka Hye-ran ka dasa mata bishiyar odong a tsakar gida, kamar yadda kowane uba yake yi, don in ta tashi aure a sare a yi mata akwatin kaya. Ta girma, bishiyar ta girma. Aure ya zo, kafinta ya zo da zarto, ka tsaya a gindinta ka ce ba mai taɓa ta. Marigayiya matarka ta yi kuka, dangi suka yi magana, ka tafi birni ka sayo akwatin kanti mai sheƙi. Hye-ran ta tafi gidan miji a birnin Busan da magana ɗaya a bakinta, wai ubanta ya fi son itace a kanta. Shekara talatin tana zuwa bukukuwa, tana durƙusa maka gaisuwa, amma ban taɓa ganin ta zauna a inuwar bishiyar nan ba. Ni ma haushinka nake ji a kan wannan, kuma na sha faɗa maka.

Sai a watan jiya, a gadon asibiti, ka kama hannun rigata.

"Bong-su, ka san abin da ya sa na hana a sare bishiyar nan? In na sare, Hye-ran ta fita gidan ke nan gaba ɗaya. Muddin tana tsaye, yarinyar tana tsakar gida."

Na ce to me ya hana ka gaya mata, sai ka ce baki bai saba ba. Sannan ka ɗora mini kaya: in an binne ka, in sare bishiyar, in kai wa kafinta, a yi akwatin a aika mata. Na yi maka alkawari. Na wasa zarto tun kafin ka rasu.

Abin da ba ka lissafa ba shi ne 'yarka. Bayan an ƙona gawarka, dangi suna ta gardamar inda za a ajiye tokar, ta ɗauki tulun tokar ta wuce su. Ta ɗauko shebur ɗinka, ta haƙa rami a gindin odong ɗin, ta zuba ka a ciki. Na ja ta gefe na gaya mata wasiyyarka, har da dalilin da ka kasa faɗa mata. Ta daɗe tana kallon rassan.

"Baffa, shi ya hana ni akwatina. Ni ma na hana shi. Ya zauna a tsakar gida, inda zan riƙa samunsa."

Daga nan ta zauna a gindinta, da baƙaƙen kayan makokin, a kan ɗanyar ƙasa.

To ka ga inda ka bar ni. Ban taɓa saɓa maka ba tun ranar dashe ukun nan, yanzu ga alkawari a wuyana, ga ka kwance a ƙarƙashin abin da ka ce in sare. Kullum da safe sai in sauko da zarton, in duba haƙoransa, in mayar. Ina kewarka, Yaya, kuma ina jin haushinka.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka taurin kanka, ya saka maka da inuwa gwargwadon wadda ka bar mana a kan dutsen nan. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hye-ran da mijinta da 'ya'yansu, da dukkan zuriyar Maeng, da tsofaffin da muka goyi ƙasa tare. Allah ya ba mu haƙurin rashinka. Ni kuma ka yafe mini, wata mai zuwa odong ɗin za ta yi fure, kuma Hye-ran ta ce za ta zo ta gani.