Ado Mai Lasifika da Ƙofofinsa Huɗu

Ranar wata Asabar ce bayan an gama yankan dawa, a shekarar da na shiga aji biyar na firamare. Tun kafin azahar garinmu ya cika da baƙi, domin ranar ce za a buga wasan ƙarshe tsakanin samarinmu da na garin Tudu. Wasu sun zo a kan kekuna, wasu a bayan akori-kura daga wajen Bici da Ɗanbatta, mafi yawa kuwa a ƙasa suka ratso gonaki. Ni ina tsakar gida ina ta sauri in gama zuba wa awaki harawa, ƙanwata Rabi, wadda ba ta wuce shekara biyar ba, tana riƙe da gefen rigata tana kukan sai ta bi ni. Inna ta gaji da rarrashi, ta ɗaura mata ɗankwali, ta kama hannunta ta sa a cikin nawa. "Kabiru, ga amana nan. Yadda ka fita da ita haka za ka dawo min da ita." Muna fita zaure muka ji muryar da duk garin ya sani tana tasowa daga filin makaranta: "Gwaji, gwaji. Jama'a, salamu alaikum."

Muryar Ado ce. Sana'arsa gyaran rediyo a wata ƴar rumfa a bakin kasuwa, amma ba wanda yake kiransa da mai rediyo, saboda wata tsohuwar lasifika da yake da ita mai faɗin baki kamar kwarya, wadda yake haɗawa da batirin mota. Da ita ake sanar da ɗaurin aure, da ita ake cigiyar akuyar da ta ɓata, da ita ake shelar zuwan masu allurar rigakafi. Siririn mutum ne, mai ɗan gemu, ba ya son hayaniya. Idan kana magana da shi ido da ido sai ka matso kusa kafin ka ji abin da yake cewa. Amma da ya riƙe makirfo sai muryarsa ta buɗe, ta zama mai nauyi da natsuwa, har matan da ke cikin gida su ajiye taɓarya su saurara.

Filin da muke kira filin ƙwallo ba wani abu ba ne illa fegin da ke bayan azuzuwanmu, tsakanin rijiyar gari da wata tsohuwar tsamiya. Da damina jakuna da tumaki ne suke kiwo a cikinsa, mu kuma muna gona. Sai an kwashe amfani, an gama roron gyaɗa, an kai kara gida, sannan fili yake dawowa hannunmu. Mu yara mu ne masu share ƙaya da tsince duwatsu. Kowa zai roƙi tokar murhu a wurin uwarsa ya kawo a tsohon kwano, a bi layi ana zubawa har filin ya fito da zanensa fari tas. Turakun raga na itacen turare ne, an gicciya gora a sama. A ranakun da babu wasan manya, mu ne muke cin karenmu babu babbaka da ƙwallon tsumma, mu yi langa idan ƙwallon ta warware, har sai an buga wilin motar da ke rataye a darbejiya, wanda shi ne ƙararrawar makaranta.

A shekarar nan ne samari suka ce su ma sai sun kewaye fili kamar na birni, don a riƙa karɓar ɗan abin shiga a sayi riguna. Aka yi gayya, aka kafa dirkoki, aka ɗaure zana da dannin kara har filin ya rufu ruf. Sarkin samari, wani ƙaƙƙarfan mutum da ake kira Ɗanjuma, ya ce ƙofa ɗaya za a bari, ta wajen kasuwa, don kada yara su riƙa silalewa. Da Ado ya zo ya zagaya dangar, sai ya ce shi kam ba zai ɗaura lasifikarsa a wurin ba. Ya taɓa zuwa kallo a wani babban fili a birni yana saurayi, ya ga yadda mutane suka danne juna a bakin ƙofa, kuma abin bai taɓa barin zuciyarsa ba. Maganar ta kai gaban dagaci. Babana yana wurin, shi ya ba mu labarin abin da Ado ya faɗa: "Ranka ya daɗe, mutane ɗaya-ɗaya suke shiga, amma tare suke fita." Dagaci ya ce a yi yadda Ado yake so.

Haka aka yanka ƙofofi huɗu: ta kasuwa, ta rijiya, ta tsamiya, da ta makaranta. Ta kasuwa kaɗai ake shiga. Sauran ukun an rufe su da zana, an ɗaure da igiyar rama, kowace an tsayar da saurayi ɗaya mai wuƙa a aljihu da usur a wuya, kuma an hana shi kallon wasa, idonsa yana kan Ado. Ado ya sa aka ja igiya tsakanin ƴan kallo da ƴan wasa. Ya sa aka cika durom da ruwa a kusurwa. Masu tuyar awara da masu tsire ya ce su yi nesa da danga. Shi kuma ya hau kan amalanken shanu da aka jingina kusa da ƙofar kasuwa, ya ɗora teburin makaranta, lasifika tana can a reshen darbejiya. Kafin kowane wasa sai ya lissafa ƙofofin nan da sunayensu, ya ce yaron da ya ɓata a kawo shi wurin amalanke. Mun ji abin har mun haddace. A hanyar rijiya mukan toshe hanci mu kwaikwayi muryarsa, samari kuwa suna ce masa Ado sarkin tsoro. Shi dai bai fasa lissafa ƙofofinsa ba.

Ranar wasan ƙarshen, ni da Rabi mun sami wuri a gaba, daf da igiya, ba nisa da amalanken Ado. Na saya mata rake, ta zauna a kan ƙafafuna tana sha. Ban taɓa ganin taro irin na ranar ba. Mutane sun cika har jikin danga, yara sun ɗare kan tsamiya kamar birai. Ado yana ta bayanin wasa, yana kiran kowane ɗan wasa da sunansa da na gidansu, har na Tudu ma, domin rediyoyinsu duk wurinsa suke kawowa. An dawo daga hutun rabin lokaci, babu wanda ya ci, sai na ji ƙaurin hayaƙi. Na ɗauka na masu tsire ne. Kafin in waiwaya, wata mata ta ƙwalla ƙara, na ga harshen wuta ya tashi a jikin danga, dab da ƙofar kasuwa. Har yau ba a tabbatar da abin da ya tayar da ita ba. Busasshen kara ne da zana, ga iska, sai wutar ta riƙa tafiya kamar ana jan ta.

Abin da mutum yake yi idan ya firgita shi ne ya nufi inda ya shigo, kuma inda muka shigo nan wutar take. Taron ya motsa gaba ɗaya kamar ruwan kwari. Wani ya bangaje ni na faɗi, na tashi, aka sake ture ni, da na duba hannuna babu Rabi. Na shiga kiran sunanta, amma ko ni kaina ba na jin muryata. A daidai lokacin nan lasifika ta yi magana. Ado bai ce wuta ba, bai ce a gudu ba. Da muryar da yake cigiyar akuya ya ce, "Jama'a, an tsayar da wasa. A sauke igiya. Kowa ya shigo tsakiyar fili, akwai wuri. Kada wanda ya nufi ƙofar kasuwa. A hankali, a hankali." Ya busa usur, na ƙofofi suka amsa masa, aka yanke igiyoyi, zana uku suka faɗi, sai ga gonaki a buɗe. Ya ce mutanen Tudu su bi ta tsamiya, ƴan gari su bi ta rijiya, mata da tsofaffi ta makaranta. Ƴan wasan garuruwan biyu duka ya kira su, ya ce su riƙe hannun juna su tare hanyar ƙofar kasuwa, suka kuwa jeru da jajayen riguna da shuɗɗa a haɗe.

Ni dai ina tsakiyar fili ina juyi ina kuka. Na hango Ado a kan amalanke, wutar tana ci a bayansa, hayaƙi yana rufe shi yana buɗewa. Wayar makirfonsa gajera ce, idan ya sauka maganarsa ta yanke, don haka bai sauka ba. Ɗanjuma da wasu samari suna ta watsa ruwan durom da ƙasa, wasu suna tumɓuke dirkoki don a datse wa wutar hanya. Sai na ji ya ce, "Duk wanda yake riƙe da yaron da ba nasa ba, ya ɗaga shi sama." Ban manta abin da na gani ba. Ko'ina a cikin taron sai ga yara suna ɓullowa a kan kafaɗu, wani yana kuka, wani yana riƙe da takalmi ƙafa ɗaya. Ado ya riƙa kiransu da ɗaiɗai, wannan ɗan gidan wane ne, wannan jikar wance ce. Can ya ce, "Ga Rabi ta gidan Malam Hudu, tana wajen raga ta gabas. Kabiru, na gan ka. Kada ka yi gudu, taka a hankali, tana nan lafiya."

Wani dattijo ɗan Tudu ne yake ɗauke da ita, mutumin da ɗazu yake ta yi wa golanmu ihu. Ɗankwalinta ya faɗi, amma guntun rakenta yana hannunta. Ya sauke ta, ya dafa kaina ya ce, "Riƙe ta da kyau, yaro. Ku bi ta rijiya." Muna fita na ji Ado ya juya maganarsa zuwa cikin gari, domin ya san mata sun ga hayaƙi kuma za su fito a guje su yi karo da masu fita. Ya ce iyaye mata su kwantar da hankalinsu, danga ce kawai take ci, babu wanda ya rasa ransa, yara suna hanya. Bai ƙarasa maimaitawa ba maganar ta ɗauke, wayar ta narke. Da muka isa gida muka tarar da Inna a tsaye a zaure da mayafi a hannu, ba ta yafa ba, ba ta kuma ajiye ba. Ta ce ta ji sunan Rabi tun daga madafa, shi ya sa ba ta fita a guje ba. Ta rungume mu duka biyu.

Rabin dangar ya ƙone. Wani yaro ya yi targaɗe da ya diro daga tsamiya, wata tsohuwa ta ƙuje gwiwa, shi ke nan. Ado ne ya fi kowa jin jiki, bayan hannunsa da gefen wuyansa sun sale, ya yi makonni ba ya iya riƙe abin aiki. Babana ya kai ni duba shi. Muka same shi a rumfarsa an shafa masa magani, Ɗanjuma yana tsugune a gefe yana kore masa ƙuda. Da mutane suka fara yabonsa sai ya ce samarin da suka tsaya a ƙofa su za a gode wa, domin sun yarda sun juya wa wasa baya kowa yana kallo. Mutanen Tudu suka aiko masa da sabon batir da waya doguwa. Aka sake buga wasan bayan hannunsa ya warke, a fili babu danga, suka ci mu ɗaya da nema. Ba a yi faɗa ba, abin da ba a saba gani ba tsakaninmu da su.

Yanzu an gina azuzuwa a rabin filin nan, tsamiyar ma an sare ta, yaran garinmu kuwa a gidan kallo suke ganin ƙwallo. Ado ya daɗe da rasuwa, Rabi tana da jikoki. Kwanakin baya na kai ɗana ƙarami kallon wasa a babban fili a birni. Aka shafa mana na'ura a jiki kafin mu shiga, na ga kyamarori a kan dogayen ƙarafa, ma'aikata da riguna masu ƙyalli suna magana ta oba-oba, motar asibiti a tsaye a gefe, kowace ƙofar fita da alamarta a rubuce. Abin ya burge ni ƙwarai, na kuma yi fatan a ce duk filayenmu haka suke. Sai dai na zauna cikin dubban mutane ban ga fuska ɗaya da na sani ba, na riƙe hannun yaron nan tun daga farkon wasa har ƙarshensa. Da aka tashi, wata murya daga sama ta riƙa roƙon jama'a su fita a hankali. Yaron ya ɗaga kai ya ce, "Baba, wa yake magana?" Na ce masa ban san shi ba, shi ma bai san mu ba. Amma na yi wa mutumin addu'a a zuciyata, domin na san nauyin da ke wuyansa.