An Ɗauke Ni Aiki Don Kada In Yi Aiki

Assalamu alaikum Edita. A lokacin da wannan abu ya faru ni ne mai sarrafa injin haƙa rijiyar burtsatse na wani ɗan ƙaramin kamfani a Kazaure. Ina da shekara talatin da 'yan kai, da mata da 'ya'ya biyu, na uku yana hanya. Ban yi karatu mai zurfi ba, sakandaren ma da ƙyar na kai ƙarshenta, amma a kan inji ban ga wanda zai nuna mini yatsa ba. Duk wanda ya san Kazaure da Roni ya san ƙasarmu dutse ce, kuma haƙa a dutse daban yake da haƙa a yashi. Ina ɗora hannu a kan liba zan gane ko bakin ƙarfen haƙa yana cin dutsen ne ko wahalar banza yake sha, ina kallon garin da rami ke fesowa zan ce ruwa ya kusa, kuma ya zo. Na iya aiki, na kuma san na iya, kuma sanin nan ne ya kai ni ya baro. Ba zan kama sunan kowa ba, don ba tonon asiri ya sa na ɗauki biro ba.

Maigidana mutumin Filato ne, Kirista, ya daɗe a garin har Hausa ta zauna a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibiya. Oga muke ce masa. Shi ya ɗauke ni ban san komai ba sai ɗaukar bututu, ya koya mini aikin nan tun daga ɗaurin noti har ya sakar mini injin gaba ɗaya. Shekara goma sha ɗaya muka yi tare. Ranar Juma'a, kafin mu buɗe baki shi zai kashe inji ya ce mu wuce masallaci, ya zauna gadin kaya. Amma ba zan mayar da shi waliyyi ba. Oga yana da faɗa, kuma ƙarin albashi a wurinsa sai an yi ta naci kamar ana roƙon sadaka. Akwai ranar da ya balbale ni da masifa a wani ƙauye na Gwiwa, a gaban mai unguwa da jama'arsa, don na manta ban sa giris a wani wuri ba. Na haɗiye a ranar, amma abin ya zauna mini a rai.

A 'yan shekarun nan harkar ruwa ta buɗe. Masu noman rani suna son rijiya, 'yan siyasa suna son a ga sun haƙa wa mazaɓa, ƙungiyoyi suna rabon famfo mai aiki da hasken rana. Duk mai ɗan hali sai ya sayi inji, amma inji a kasuwa ake sayensa, mai iya tuƙa shi a dutse kuwa ba a kasuwa yake ba. Sai aka koma farautarmu. Wayata ba ta hutawa. An kira ni daga Kano, an kira ni daga Daura, har wani da muka haɗu a kasuwar Babura ya ce in bi shi Nijar a riƙa biyana da sefa. Duk na ƙi, amma kowane kira yana ƙara kumbura mini kai. Na fara tafiya ina jin kamar Oga ne yake cin arziƙina, ba ni nake cin nasa ba.

A daidai lokacin Oga ya samu kwangilar da ya fi shekara yana bi, rijiya shida a ƙauyukan Roni da Gwiwa, da sharaɗin a gama kafin ruwa ya sauka, domin da zarar damina ta kankama babbar mota ba ta shiga waɗannan hanyoyi. Wanda suka yi takara da shi wani Alhaji ne ɗan garinmu, mai kamfani irin namu, wanda ya fi Oga kuɗi nesa ba kusa ba amma bai kai shi suna a aiki ba. Mun gama rijiya biyu ke nan matata ta haihu. Ana gobe suna sai ga rago an ɗaure a ƙofar gidana, ƙato, aka ce daga Alhaji. Washegari ya zo da kansa, ya zauna a tabarma cikin 'yan'uwana, ya yi addu'a, ya kira ni ƙaninsa a gaban kawunnaina. Ni da ban taɓa haɗa hanya da shi ba sai gaisuwa daga nesa. Da a ce na mayar da ragon nan da labarin ya ƙare a nan, amma wa yake mayar da ragon suna a garinmu? An yanka, an soya, an raba wa dangi, kowa yana sa wa Alhaji albarka.

Bayan kwana uku ya aiko in je. Ya ce ya yi odar sabon inji daga waje, irin wanda ba a taɓa gani a yankin nan ba, yana kan ruwa, kuma ba ya son kowa ya taɓa shi sai ni. Ya ce zai ninka mini albashi, ya ba ni babur, kuma albashin zai fara daga ranar da na zo ko da injin bai iso ba. Ya ƙara da cewa abin kunya ne ɗan gari kamata ya ƙare rayuwarsa yana yi wa baƙo bauta ana yi masa tsawa a gaban mutane. Ban san wanda ya kai masa labarin Gwiwa ba, amma maganar ta sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Da na ce ya bari in ƙarasa rijiyoyi huɗun da suka rage, sai fuskarsa ta canja. Ya ce akwai wani a Katsina da yake jiran amsarsa, in dai ina so to a makon nan ne. Ya sa na sa hannu a takarda a gaban shaidu biyu cewa ba zan taɓa injin kowa ba muddin ina karɓar albashinsa, ko da a ranar hutu.

Matata ta ce in je in faɗa wa Oga ido da ido, ko ba komai ya nemi wani tun da wuri. Na ce mata ba ta san harkar maza ba. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji, don na san in ya kalle ni ba zan iya tafiya ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na bar makullin inji a hannun maigadin garejin Oga, na kashe wayata kwana biyu. Da na kunna na tarar Oga ya kira ni ya fi a ƙirga. Ban kira shi ba. Wannan shi ne abin da na yi, kuma ba wanda ya sa mini wuƙa a wuya.

Aikina a wurin Alhaji shi ne zama a kan benci a ƙarƙashin darbejiya. In zo da safe, in gaida manaja, in zauna, in yi azahar, in zauna, in tafi gida. Alhaji yana da tsohon inji guda ɗaya da ɗan 'yar'uwarsa ke tuƙawa, na ce a bar ni ko rakiya in riƙa yi, aka ce a'a, ni babban ma'aikaci ne, a ajiye ni sai sabo ya zo. Wata na farko abin ya yi mini daɗi, na yi ƙiba, na ɗinka sababbin kaya, har abokai suna tsokanata wai na zama ma'aikacin gwamnati. Wata na biyu aka ce inji ya iso Legas. Wata na uku aka ce takardun kwastan ne. Daga nan aka daina ma ba ni dalili. Albashi kuwa bai taɓa yin latti ko na kwana ɗaya ba, kuma wannan ne ya rufe mini ido. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina abin da ɗan kasuwa yake saye da kuɗinsa ba, tunda dai ba aiki nake yi masa ba.

Labarin Oga yana zuwa mini a kan bencin nan ko ban nema ba. Ya samo wani daga Kano wanda ya saba da ƙasa mai laushi, a rijiya ta uku ya maƙale bakin haƙa da ƙarafa a cikin dutse. Suka yi makonni suna fama, ƙarshe aka bar su a ramin. Kafin Oga ya haɗo wasu, ruwa ya sauka. Masu kwangila suka karɓe aikinsu, suka ba wanda ya zo na biyu a takara, wato Alhaji. Ranar da labarin ya zo aka yi ta murna a ofis, aka sayo tsire aka miƙo mini nawa. Na karɓa, amma na kasa kai shi baki.

A wata na bakwai, wata safiya, Alhaji da kansa ya leƙo ya ce in taso, yau aikina ya zo. Na shiga motarsa ina murna, na ɗauka sabon inji za mu tarba. Sai na ga mun karya kwana mun nufi garejin Oga. Ashe Oga ya sa injinsa a kasuwa, kuma ba mai saye a kusa sai Alhaji. Oga yana tsaye a jikin injin, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar jiya muka rabu. Alhaji ya ce tunda ba wanda ya san injin nan kamar ni, in zagaya da shi in faɗa masa duk wata matsala da ke jikinsa, kada in ɓoye komai. Na ce lafiyarsa ƙalau. Alhaji ya yi murmushi ya ce in tuna albashin wa nake ci. Sai Oga ya kalle ni ya ce, "Faɗa masa gaskiya. Ban koya maka yin ƙarya a kan inji ba."

Haka na bi injin nan ina nuna inda mai yake yoyo, da inda muka taɓa yin walda ni da Oga da hannunmu, da yadda kwampreso mai hura iska cikin rami ke ɗaukar zafi in an wuce awa huɗu. Duk abin da na faɗa, Alhaji sai ya juya ya kalli Oga ya ce to ka ji, ya rage farashi. Oga bai musa ko ɗaya ba. Wannan zagayen da bai kai awa guda ba shi ne kaɗai aikin da na yi wa Alhaji a wata bakwai.

Duk da haka, don ku ga iyakar wautata, na koma gida ina lallashin kaina cewa ko ba komai injin zai dawo hannuna in kula da shi. Bayan mako guda aka kawo shi, aka miƙa makullin ga wasu mutum biyu da aka ɗauko daga Kano. Manaja ya kira ni ya ce daga ƙarshen wata an sallame ni, in bar babur. A bakinsa na ji cewa ba a taɓa yin odar wani inji ba. Na kutsa wurin Alhaji raina a ɓace, na tuna masa alkawarinsa da ƙanin da ya kira ni a gaban dangina. Bai ko ɗaga murya ba. Ya ce, "Mutumin da ya koya maka sana'a ka bar shi a tsakiyar aiki saboda rago da babur. Ni da na san farashinka, in ba ka injina?"

Na fito ban san inda nake sa ƙafa ba. An ci amanata, wannan ba shakka, kuma har yau in na ga motarsa zuciyata tafasa take. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne ban samu kalma ɗaya ta ƙarya a maganarsa ba. Wayar da ba ta hutawa ta yi shiru, don masu inji a yankin nan duk sun san juna, kuma labari ya riga ni isa ko'ina. Yanzu gyaran famfon tuƙa-tuƙa nake bi ƙauye-ƙauye tsakanin Babura da Kanya Babba, wani lokaci a kira ni aikin kwana biyu in wani ya maƙale a dutse, a biya ni a sallame ni. Oga ya kwashe iyalinsa ya koma gida. Sai bayan shekara na iya kiransa na nemi gafara. Ya ce ya yafe, ya tambayi yara, sannan ya tambaye ni ko ana canja wa injin mai a kan lokaci. Na ce masa ban sani ba, ba a bari na ko matsa kusa da shi.

Na rubuto ne saboda na ga yadda ake rububin masu sana'a yanzu, masu haɗa sola, masu walda, direbobin tarakta, har malaman makaranta da ma'aikatan jinya. Ba na cewa kowa ya mutu a inda yake, neman ƙari ba laifi ba ne, kuma akwai iyayen gida da sai an bar su suke sanin darajar mutum. Amma in an zo zawarcinka, ka ce a nuna maka aikin da idonka kafin a faɗa maka albashin. In aka ce dole sai a makon nan, ka duba abin da ke hannunka da ba ka gama ba, ka tambayi kanka wa zai amfana in ka sake shi. In kuma tafiyar ta zama dole, ka ƙarasa aikin mutane, ka je ka yi sallama da ƙafarka. Ni na ɗauka hannuna ake so, ashe rashina a wurin wani aka biya, kuma da aka gama da shi ba a ga sauran abin saye a jikina ba.