Abin da Ke Kawo Auta Samaru

A gidanmu ba a zuwa wurin mutum haka kawai. Mahaifinmu malamin makarantar mishan ne, mai tsare gida, kuma a ganinsa duk wanda ya wanke ƙafa ya tafi gidan wani ba da aike ba, gulma ce ta kai shi. Haka muka tashi mu biyar. Uku sun riga mu gidan gaskiya, saura ni da autanmu, kuma har yau in ɗayanmu zai je wurin ɗan'uwansa sai ya nemo dalili ya riƙe a hannu.

Ni ina Samaru, a wani ɗan shago da ke manne da ɗakina, ina buga wa mutane takardu. Ɗalibai su kawo aikinsu na kammala karatu, 'yan coci su kawo tsarin sujadar aure ko na godiyar kaka. Mijina ya daɗe da rasuwa, 'yata ɗaya tana aure a Kudu. Auta kuwa yana Sabon Gari, yana gyaran kwamfuta a wani layi bayan kasuwa. Mota ɗaya ce tsakaninmu, amma da ba don kwamfutata ba, da sai mu shekara ba mu ga juna ba.

Tsohuwa ce tukuf. In na kunna ta da safe, sai na share shago, na ɗora ruwan shayi, na dawo, sannan take buɗe ido. Ga ɗalibai da filashinsu da suke ajiye aiki a ciki, kowa ya zo ya soka nasa ya bar mata cuta ya tafi. Duk bayan 'yan makonni sai ta ƙi aiki, ni kuma in ɗauki waya in ce, “Auta, mutuniyarka ta fara.” Ran Asabar sai ga shi da jakarsa, yana mita tun daga bakin ƙofa.

Gyaran kansa ba wani abu ba ne, jiran ne aikin. Zai sa ta ta binciki cikinta, wani koren layi ya fara rarrafe a allo, ba kuma yadda za a yi da shi sai a zuba masa ido. Sai in jawo kujera kusa da tasa. Ba ma kallon juna, allon muke kallo, kuma a haka ne kawai bakinmu yake buɗewa. A gaban koren layin nan ya gaya mini hawan jinin matarsa. A nan na ji babban ɗansa ya bar makaranta. A nan muka yi ta gardama kan ko mahaifiyarmu tana sa gauta a fate ko ba ta sawa, har na tashi na dama masa faten tsaki da yakuwa don in nuna masa ni ce babba. Yakan cinye ya ce gishiri ya yi yawa. Ranakun nan su ne kaɗai nake dafa abincin mutum biyu.

Wata rana wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar allo da dogon Turanci. Na rufe shi, washegari ya dawo. Da Auta ya zo ya karanta, sai ya jingina da kujera ya yi dariya.

“Yaya, masu ita sun sallame ta. Babbar manhajar da komai yake zaune a kanta, sun ce ba za su ƙara kula da ita ba. Dama na gaya miki.”

“To sai me? Ni ma an sallame ni daga ofis, ga ni ina aiki.”

“Ke ba a soka miki filashi,” in ji shi. “Bari in canza miki wasu kaya a ciki, in sa miki sabuwar manhaja. Ita da kanta take gadin kanta, ba ruwanki da cuta. Kina taɓa ta ta tashi. Sai ki huta da ni.”

Da zuciya ɗaya ya faɗa, yana ganin alheri yake mini. Ni kuwa na ce zan yi shawara.

Na yi ta jan maganar, kuma dalilai ba su taɓa ƙare mini ba. Na ce firintata tsohuwa ce, wa ya sani ko za su shirya da sabuwar. Ya ce za su shirya. Na ce hannuna ya saba, ban da ƙarfin koyon inda aka ɓoye kowane maɓalli. Ya ce yini biyu ya ishe ni. Na ce takardun mutane na shekaru suna ciki, ya ce zai kwashe su tsaf ya mayar. Har ya gaji ya ce taurin kaina na Baba ne, ban bar komai ba. Gaskiyarsa. Amma dalili na gaskiya ban iya faɗarsa ba, don a bakinmu babu irin wannan magana. Ta yaya zan dubi ƙanen da na goya in ce ina tsoron ranar da ba abin da zai kawo shi?

Ana cikin haka malaman jami'a suka shiga yajin aiki. Wanda bai zauna a Samaru ba ba zai gane abin da wannan yake nufi ba. Ɗalibai suka watse, masu keke suka yi layi a bakin titi suna gyangyaɗi, mai shayin da ke kusa da ni ya rufe ya koma gona a Bomo. Sai in wuni a shago ban yi magana da kowa ba in ban da mai kawo ruwa. Ba ɗalibai, ba filashi, don haka kwamfutar ma ta samu lafiya. Nakan zauna in dube ta ina jin haushin lafiyarta, kuma ina jin kunyar kaina. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai a watannin nan. Akwatin kuwa kullum sai ya fito ya tambaye ni ko na shirya, ni kuma in danna wurin da ke cewa a bari sai wani lokaci.

Da aka koma karatu sai abin ya fara taɓa sana'ata. Yarinya ta zo da aikinta, kwamfutar ta ce ba ta san irin wannan takarda ba. Yarinyar ta zare filashinta, ta ce, “Mama, ba damuwa,” ta tsallaka shagon da ke gabana. Na haɗiye wannan. Wanda ban iya haɗiyewa ba shi ne na auren 'yar shugabar matan zumuntarmu ta coci. Ni aka ba tsarin sujada, waƙoƙi da komai. Ana gobe biki kwamfutar ta sandare da aikin a cikinta, Auta kuma ya tafi Kaduna sayen kaya. Aka yi aure ba takarda a hannun kowa, fasto yana kiran lambar waƙa da baki. Ba wanda ya ce mini uffan, sai dai uwar amarya da ta riƙe hannuna ta ce, “Ai kin yi ƙoƙari.” Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ran Litinin na kira shi na ce ya zo ya sa sabuwar.

Aikin ya ci yini guda, kuma na ji daɗin tsawonsa. Ya buɗe cikinta, ya ciro wani ƙarfe, ya sa wani ɗan siriri. Muka zauna muna jira ta gama shan sabuwar manhajar. Sau biyu na buɗe baki zan ce masa ko ba gyara ya riƙa leƙowa. Na farko sai na tambaye shi ko in ƙara masa ruwa. Na biyu na ce ya gaida matarsa. Da yamma ya kashe ta ya kunna, kafin in gyara zama ta tashi. Ya dube ni yana murmushi irin na yaron da ya ci jarrabawa, na ce Allah ya yi masa albarka, kuma har zuciyata na faɗa.

Bai yi ƙarya ba. Firinta ta karɓa, hannuna ya saba, ɗalibai suka dawo. Ko tari kwamfutar ba ta ƙara yi ba. Yakan kira jefi-jefi ya ce, “Tana aiki?” In ce tana yi. Ya ce madalla, sai ɗayanmu ya ce to sai an jima. Damina ta shiga ta fita ban sa shi a ido ba.

Wata Asabar na rufe shago da rana tsaka, na yafa gyale, na hau motar Sabon Gari ba komai a hannuna sai jaka. Tun daga Kwangila nake shirya abin da zan faɗa. Na same shi a shago yana ciniki da wani cikin Turancin buroka. Da ya hango ni sai ya miƙe, ya dubi hannuwana, ya dubi bayana ko wani yana ɗauke da kaya.

“Yaya! Me ya same ta?”

“Lafiyarta ƙalau.”

Sai fuskarsa ta canza. Ya ajiye abin da ke hannunsa a hankali, ya rage murya.

“Wa ya rasu?”

Na ga yadda ya tsorata, mutum mai furfura a gemu. Duk abin da na shirya ya gudu. Na ce, “Ba kowa. Takarda ce ta ƙare mini, na ce bari in zo ka nuna mini inda ake samun mai kyau.”

Ya sauke ajiyar zuciya, har ya yi dariya, ya ce ai da na kira da ya aiko mini. Ya raka ni shago na uku daga nasa, ya zaɓar mini, ya tare mini keke, ya koma wurin mai cinikinsa da ke jira. Na dawo Samaru rungume da takarda a cinya. Da na buɗe shago sai na rasa inda zan ajiye ta, don kwalin da na saya a farkon wata ko buɗe shi ban yi ba.