Tabar da Na Haɗiye a Gaban Malam

Assalamu alaikum, ya ku masu neman ilimi da wannan takarda za ta faɗo hannunku. Tsufa ne ya sa na ce bari in fitar da abin da ya daɗe yana cina, ko wani ya tsira.

A lokacin ni matashi ne, na haddace Alƙur'ani, na shiga karatun littattafai wurin wani dattijon malami makaho da ke zaune kusa da rijiyoyin Dakoro. Ɗalibansa duk manya ne, wasu har da iyali. Allah ya ba ni murya da kaifin ƙwaƙwalwa, ya kuma jarrabe ni da girman kai. A cikinmu akwai masu sulalewa ƙauyukan da ake dafa burkutu, akwai mai tauna ƴaƴan zaƙami wai don kansa ya buɗe, sai ya wuni yana gaisawa da itatuwa. Ni ne kan gaba wajen yi musu dariya. Ashe laifi tudu ne, na taka nawa ina hangen na wani.

Nawa taba ce. Wani ɗan ayarin gishiri daga Abzin ne ya fara ɗanɗana mini, gari ne haɗe da kanwa, a dunƙule a cusa a kunci. Ya ce tana korar barci, kuma bai yi ƙarya ba, don karatun asuba da nake gyangyaɗi a kansa sai ya koma kamar shan fura. Kafin shekara ta zagayo ba na iya riƙe baiti ɗaya in ba ta a bakina. Malam ba ya gani, amma hancinsa ya fi idon mutum goma. Ya taɓa jana gefe ya ce bakin da ke ɗauke da maganar Allah bai kamata ya riƙa warin zangon raƙuma ba. Na rantse mishi na daina. Abin da na daina kawai shi ne zuwa gabansa ban kurkure baki ba.

Da azumi ya kama, sai ya zaɓe ni in ja mishi baƙi a tafsiri, ni in karanto aya da ka, shi ya fassara wa jama'a. Kowa ya san mai jan baƙi shi ake sa ran zai gaji buzun malam, wato fatar da yake zama a kai yana koyarwa. Sai dai bayan la'asar ake zaman, da azumi a baki, ga zafin bazara. Kwanakin farko na daure, amma kaina ya yi nauyi kamar an ɗura mishi yashi. Ayoyin da na sani kamar sunana suka riƙa kuɓuce mini, har wani abokin karatuna da nake rainawa saboda sanyinsa ya fara yi mini gyara daga baya. Wallahi gyaran nan ya fi ƙishirwa ƙona ni.

Rannan zuciya ta raya mini cewa in na ajiye ƴar kaɗan a kunci ban haɗiye ba, ai azumi na nan. Kai, ɗalibi da fatawar son rai! Na cusa, na ja rawani na rufe baki, na zauna. Karatu ya zo tiryan-tiryan. Abin da na manta shi ne yawu. Mai taba dole ya tofar, ni kuwa ga ni tsakiyar masallaci, makiyaya da manoma da fatake duk ido a kaina. Baki ya cika taf, malam ya gama fassara yana jiran aya ta gaba. Na haɗiye. Yawun tabar ya sauka cikin da ya wuni babu komai, masallaci ya shiga zagaya mini, ban kai ƙarshen ayar ba na yi amai a gefen buzun malam.

Jama'a suka ɗauka rana ce ta buge ni, har ana yi mini sannu. Malam bai tona mini asiri ba, ya dai ce abokin nan nawa ya matso ya ci gaba. Bayan an sha ruwa ya kira ni, murya ƙasa-ƙasa, ya tambaye ni hukuncin wanda ya karya azumi da gangan. Na ce ramuwa da kaffara, wata biyu a jere. Ya ce tunda na sani, in je in yi, in na gama in dawo mu ɗora daga ayar da na tsaya.

Na koma gidanmu wajen Korahane, ana gama salla na fara. Na sha wuya, na yi kuka kamar yaron da aka yaye, amma a cikin watannin nan na rabu da taba. Da na cika na kamo hanya da murnata. Na tarar da abokina a kan buzu yana ba da karatu. An binne malam tun saukar ruwan farko.

Ƴaƴana ɗalibai, duk abin da aka ce zai buɗe muku kai, taba ce, giya ce ko wani ganye, da farko aro yake ba ku, daga baya ya karɓe har da naku. Kada girman laifin wani ya sa ku raina naku. Na zaga malamai da yawa bayansa, na ji fassarar ayar nan iri-iri. Amma har yau in na iso kanta a tilawa sai na dakata, don wanda ya ce in dawo mu ɗora bai jira ni ba.