Tulun Iri na Uku

Shekaranjiya da la'asar aka yi ɗan yayyafi a ƙauyenmu, wanda bai ko jiƙa rigar mutum ba. Amma ƙasa ta saki ƙamshin nan nata, wanda in dai a karkara ka tashi ka san shi. Da can in na shaƙe shi murna nake yi. Yanzu kuwa gabana ne yake faɗuwa, sai kakata ta faɗo mini a rai, ita da tulunanta uku.

Mahaifiyar babanmu ce, 'yar tsamurmurar tsohuwa mai faɗan tsiya, kuma ita ke riƙe da irin shuka na gidanmu. In an yi girbi, kafin a kai dami ko ɗaya rumbu, sai ta zauna ta tsince zangarniyar gero mafi ƙosawa, ta sussuke, ta cuɗa da toka saboda ƙwari. Daga nan ta raba shi tulu uku, ta liƙe bakin kowane da laka, ta tura ƙarƙashin gadonta. Dokarta ita ce ba a buɗe biyu a shuka ɗaya. Takan ce ruwan farko baƙo ne, ba a san ko zai kwana ba.

Mutanen unguwa dariya suke yi mata. A wajenmu gonaki manne suke da juna, iyaka ce kawai ta gamba ko kuka ke raba su, don haka kowa na ganin shukar kowa. Tamu kullum ita ce tsilla-tsilla, kamar gemun sabon saurayi, saboda tulu ɗaya ba ya cika rami yadda babanmu yake so. Wannan abu yana ci masa rai ƙwarai.

Shekarar da ba na mantawa, ruwa ya sauka da wuri, mai yawa kuwa. Gari ya ɗauki sungumi ya fita. Babanmu ya roƙe ta ta ba shi tulu biyu ya yi shuka irin ta mutane, ta hana. Gero ya tsiro kore shar, sai sama ta ɗauke kamar an share ta. Hadari ya haɗo daga gabas, mu fito muna tsalle, iska ta zo ta watsa shi. Aka yi roƙon ruwa a filin idi, aka yi sadakar gumba, shiru. Da rana in ka shiga gona, ganyen geron ya nannaɗe, in ka murza shi a hannu sai ya zama gari.

Da ruwa ya dawo aka buɗe tulu na biyu. Shi ma rana ta cinye shi. A lokacin rumbunmu ya kai ƙasa, muna kwana da kwaɗon rama da tafasa, ƙanwata tana kukan yunwa har muryarta ta dushe. Baffanmu, ƙanin babanmu, ya shiga ɗakin tsohuwar ya ce a fasa na ukun a yi wa yara kunu, tunda damina ta riga ta lalace. Ina bakin ƙofa na ga ta jawo tulun ta zauna a kansa. Hawaye na zuba a fuskarta, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Kunun kwana biyu ne a ciki," in ji ta. "Ranar na uku me za ka ba su?"

Wallahi a ranar na tsane ta. Sai da muka ƙara kwana tara cikin wannan hali kafin ruwa ya sauka na gaske. Tulun nan aka shuka, har maƙwabta biyu da suka zuba irinsu duka tun ruwan farko suka samu ɗan kwano-kwano. Ba mu yi girbin a zo a gani ba, amma mun ga kaka da ranmu.

Ta daɗe da rasuwa, Allah Ya ji ƙanta. Tulunan suna ɗakina, kuma ban taɓa karya dokarta ba. Sai dai ita a rayuwarta sau ɗaya ta taɓa kaiwa ga na uku. Ni kuwa a 'yan shekarun nan na gaji da fasa lakar bakinsa. Yanzu ga rediyo, ga waya, masu hasashen yanayi suna faɗa mana tun kafin damina cewa ruwa zai makara, zai yanke a tsakiya, zai ɗauke da wuri. Sau da yawa kuma maganarsu tana fitowa daidai. Amma sanin bai ƙara mini ƙwaya ɗaya a tulu ba.

Bana na shuka na farko, ya ƙone. Na shuka na biyu, ya bi sahu. A rediyo sun ce a ƙara haƙuri, sauran ruwa na tafe, ko da yake ba mai yawa ba. Jiya da safe uwargidana ta tsaya a bakin ƙofa, jikarmu na goye a bayanta, ta ce garin tuwo ya kusa ƙarewa. Ba ta ambaci tulun ba, amma ƙarƙashin gado take kallo.

Na jawo shi, na zauna a kai.