Kilo Huɗun Alhaji Isuhu

Ko da na bar aiki, ba zan manta da Talatar da ta biyo bayan wata babbar Sallah ba, a shekarata ta biyu ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti na ƙasar Madarunfa. Ranar na yi wa'azin da ya fi kowanne yi mini daɗi a baki, kuma saura kaɗan ya kashe mutum.

Ga tsarinmu. Mai ciwon zuciya, likitan Maraɗi ke duba shi ya rubuta magani. Namu shi ne duk mako mu auna nauyinsa da jininsa, mu rubuta a karne, ɗan littafin nan da mara lafiya ke riƙewa. In abu ya fi ƙarfinka, ka kira majo, shugabar ma'aikatan jinya. Tamu Hajiya Rakiya ce, mace marar yawan magana.

Alhaji Isuhu mai manyan motoci ne da ke kai kaya Jibiya. Naman zuciyarsa ya yi rauni, ba ya tura jini yadda ya kamata. Likita ya ce ya rage gishiri, ya rage teɓa, ya riƙa ɗan takawa a ƙasa kullum. Ni kuwa na ɗauki maganar tafiyar nan na mai da ita waƙa. Duk zuwansa sai na ce, "Alhaji, tafiya ita ce maganinka." Ina faɗa ina hawa babur in tafi gidana da ke bayan katangar asibiti.

Ran nan ya hau ma'auni, sai ga ƙarin kilo huɗu cikin mako guda. Na yi murmushin wanda ya kama ɓarawo.

"Alhaji, rago nawa aka yanka?"

"Uku, likita. Amma wallahi ko hanta ban taɓa ba."

Yana magana yana tsayawa ya ja numfashi. Ni a raina na ce kunya ce. Na yi masa bayanin kitse da son zuciya, har masu jiran layi suna gyaɗa kai. Na ɗauki biro zan rubuta ya ninka tafiyarsa.

Majo ta zo wucewa, ta tsaya. Ba ta ko dubi karnen ba, ƙafarsa ta duba. Babban Alhaji cikin shadda, amma silifan wanka ne a ƙafarsa, don takalmansa sun daina shiga. Ta durƙusa ta danna ƙwaurinsa da babban yatsa. Da ta ɗaga, rami ya zauna a wurin.

"Sani," in ji ta, "zo ka nuna mini ragon."

Ruwa ne ya taru a jikinsa. Ta tambaye shi yadda yake barci, ya ce kwana uku ke nan a zaune yake yi, in ya kwanta numfashi ke tsaya masa. Ta ce ƙwayar da ke fitar da ruwa fa, yana sha?

Ya sunkuyar da kai. "Hajiya, ƙwayar nan fitsari take sa ni. In na fita tafiyar safe, ban kai kasuwa ba ya matse ni. Ni da girmana, direbobina na kallo, in tsuguna bakin hanya? Sai na ga dole in bar ɗaya. Likita Sani kuwa ya ce tafiya ita ce magani."

Ashe duk cikin marasa lafiyata babu mai jin maganata kamarsa.

Nan take majo ta sa aka kai shi Maraɗi a motar asibiti. Kwanansa shida a gado. Da ya dawo, gyaran da aka yi bai wuce magana ɗaya ba: ƙwaya da sassafe, tafiya bayan la'asar, in ya ji haki ya zauna. Da haka ya yi ta zaga bakin tabkin Madarunfa shekara da shekaru. Ni majo ba ta sake tayar mini da zancen ba, kuma shirun ya fi mini faɗa zafi.

Ku da kuke fara aikin jinya, ku riƙe wannan. Ma'auni kilo kawai yake faɗa, ba ya cewa kitse ne ko ruwa. Mutanenmu kuma ba taurin kai ya fi yi musu yawa ba. Sau da yawa umurni biyu muke ba su masu karo da juna, kunya ta hana su faɗa, su zaɓi wanda muka fi ɗaga murya a kansa. Kafin ku buɗe baki ku yi faɗa, ku durƙusa ku taɓa ƙafar mutum.