Matar da Take Cewa "Daga Wurinmu Ne"

Kullum da safe, kafin ta buɗe saƙonnin masu ƙorafi, Anti Mai Amsa takan ciro wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi daga aljihun tebur, ta gwada sabis ɗin kamfaninsu da hannunta. Babban kamfani ne, a rumbunsa mu masu ƙera manhaja muke ajiye bayananmu, kuma yana da allon da ke nuna lafiyar komai. To me za ta yi da tsohuwar waya?

Sai da abin ya faɗo kaina na fara ganewa. Manhajar da na yi wa wani ƙaramin asibiti ta tsaya cak, likitoci sun kasa ganin sakamakon gwaji. Na duba allon kamfanin: kore shar, wai komai lafiya. Na rubuta musu, na'ura ta amsa cewa suna daraja ni ƙwarai. Daraja! Shugaban asibitin kuwa ya kira ni: "Yaro, su sun ce lafiya lau. Ko ka gyara kafin la'asar, ko mu nemi wani."

Ina cikin haɗa gumi sai ga saƙon Anti: "Ƙanena, daina birkita aikinka. Na gwada, ni ma ya ƙi. Daga wurinmu ne." Shi na nuna wa shugaban, aikina ya tsira.

Wani abokin aikinta ya shaida min cewa ranar shugaban sashensu ya tsaya a kanta: "Hajiya, wa ya ce ki amsa laifi? Allon bai yi ja ba."

Ta miƙa masa wayar: "Ranka ya daɗe, ungo, buɗe min, tunda allon ya ce lafiya."

Ya danna, ya sake dannawa, sabis ya ƙi buɗuwa, ya juya ya tafi.

Da na je yi mata godiya na tambaye ta dalilin gwaji da tsohuwar waya. Ta yi dariya: "Allon daga cikin gida yake kallo. Irin wannan wayar ce a hannun mutanenku."

Anti, ke ce muryar mutum a gidan na'urori. Ke kika nuna mana cewa tangarɗa ba abin kunya ba ce, ɓoye ta ne abin kunya. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

A watan nan take ajiye aiki, an ce na'ura ce za ta gaje ta. Ku da kuka rage a wannan ofis, shin faɗin gaskiya ma sai an ba ku izini? Ta bar muku wayar a aljihun tebur, da caji a cike. Ina jiran in ga wanda zai ciro ta.